Larabcin littafi da Larabcin kasuwa

Bakin Komadugu

Garin Difa yana can gabashin Nijar, bakin kogin Komadugu. Daga Yamai zuwa Difa tafiya ce ta kilomita fiye da 1300. Ruwan kogin daga Najeriya yake fitowa, daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos. In ya iso Nijar sai ya zama iyaka tsakanin ƙasashen biyu, har ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Ba kullum yake gudu ba. Da damana yake zuwa, ya tumbatsa bayan kaka, da bazara kuma ya janye ya bar yashi.

Mutanen wannan kwari manoma ne da masunta da makiyaya. Tattasai shi ne babban arzikinsu. Suna noma shi a garake, su shanya shi ya bushe ja wur, su ɗura a buhuna, ƴan kasuwa su kai Najeriya. A watan Fabrairu na 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Difa da Boso. Mutane da yawa suka bar ƙauyukansu na bakin ruwa, suka kafa bukkoki gefen babbar hanya. Hukuma ta hana cinikin tattasai, ba a sake buɗe shi ba sai a 2017. Manoma sun sha wuya ƙwarai a waɗannan shekaru.

Ranar kasuwa a Difa kunne yakan ji harsuna da yawa: Barbarci, Hausa, Fillanci, Tubanci da Larabci. I, har da Larabci. Akwai Larabawa makiyaya a wannan yanki, masu shanu da masu raƙuma. Na wajen tafki ana ce musu Shuwa. Kakanninsu daga kudancin Masar suka fito, suka ratso Sudan, suka iso tafkin Cadi tun ƙarni na 14.

Auta

A wata unguwa ta Difa akwai wani saurayi, ana ce masa Auta don shi ne ƙarami a ɗakinsu. Ubansa manomin tattasai ne, kakansa kuwa malamin allo. A gidansu da Barbarci da Hausa duk ana yi.

Yana ɗan shekara biyar kakansa ya rubuta masa harufan farko a allo. Da ya kai bakwai aka sa shi madarasa, irin makarantar da ake koyar da Larabci da Faransanci tare. Ta farko irinta a Nijar an buɗe ta a garin Sayi a 1957. Lokacin hutu Auta yakan bi ubansa garka. Kusa da garkar akwai zangon Larabawan Shuwa. Da ɗiyansu yake wasa, da su yake kiwon maruƙa, har bakinsa ya kama harshensu.

Da ya shiga karatun nahawu sai ya fara jin kunyar wannan harshe. Ya ga ba ya bin ƙa'idar littafi. Ya ce a ransa: « Ai wannan karyayyen Larabci ne. » In ya gamu da abokansa na zango a kasuwa, da Hausa yake gaishe su.

Bayan ya ci jarrabawar bakaloreya ya tafi Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda ta fara aiki a 1986. Sayi tana bakin kogin Isa, kudu da Yamai. Can ya karanta nahawu da sarfu da balaga da adabi. Ya hardace Alfiyyar Ibnu Malik, baiti dubu na ƙa'idodin nahawu. In aka ba shi jimla yakan feɗe ta kalma kalma, kamar mahauci. Amma duk tsawon shekarun nan bai taɓa sayen ko allura da Larabcin da ya karanta ba.

A shekararsa ta uku ya ji labarin wata makaranta a Alƙahira, babban birnin Masar. Tana karɓar ɗaliban jami'a na ƙasashen waje lokacin babban hutu, mako takwas, cikin Yuli da Agusta. Ya rubuta takarda, aka karɓe shi, aka yafe masa kuɗin karatu. Kuɗin jirgi da na abinci kuwa nasa ne.

Buhu takwas

Da ya zo gida ƙaramin hutu, ya faɗa wa ubansa. Lokacin an gama tsinkar tattasai. Akwai buhu goma sha biyu a ɗaki, an ajiye don sayen taki da man injin ban ruwa na shuka mai zuwa. Kwana biyu uban bai ce kome ba. Rana ta uku ya kira shi.

— Auta, karatun nan na Masar, a Sayi ba a samunsa?

— Baba, malamai akwai, littattafai akwai. Amma da mun fita aji sai Hausa da Zabarmanci.

— To, na ji. Gobe za a kai buhu takwas kasuwa. Bana rabin garka za mu shuka. Ka je ka ɗebo abin da ya kai ka.

Inna ta sayar da tunkiyarta ta ƙara masa guzuri. Auta ya tafi ya yi wa kakansa ban kwana. Tsoho ya dube shi ya yi dariya.

— Kai ragon aboki, ta sama za ka? Mutanen dā bisa raƙumi suka yi ta, wata da watanni. In ka isa ka gaishe mini da ɗakin Barno.

Tsohuwar hanya

Maganar tsohon tana da tushe. Hanyar Masar tsohuwa ce ga mutanen wannan ƙasa. Ayari yakan tashi daga tafkin Cadi, ya bi ta Bilma, ya ratsa Fezzan cikin Libiya ta yau, sa'an nan ya yi gabas zuwa kogin Nilu. Alhazai da ƴan kasuwa da almajirai duk tare suke tafiya.

A tsakiyar ƙarni na 13 alhazan Kanem suka ba wani alƙali mai suna Ibnu Rashiƙ dukiya, ya gina musu makaranta a tsohon birnin Masar. Nan suke sauka, nan ɗalibansu suke karatu. Masanin tarihin Masar Al-Maƙrizi ya ba da labarinta. A 1391 Mai Usman ɗan Idris na Barno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa da Larabci. Yana kai kuka a kan mahara da ke kama mutanensa suna sayarwa. Wani magatakardan fadar Masar, Al-Ƙalƙashandi, ya kwafe wasiƙar cikin littafinsa, shi ya sa har yau ake karanta ta.

Wajen shekarar 1470 Mai Ali Gaji ya kafa birnin Gazargamu kusa da Komadugu. Birnin ya yi suna wajen karatun Alƙur'ani da kyan rubutu, har aka ci shi da yaƙi a 1808. Kufansa yana nan a hayin Najeriya, wajen Gaidam. A masallacin Azhar na Alƙahira kuwa, dā kowace ƙasa tana da ɗakin kwanan ɗalibanta, ana ce masa ruwaƙi. Akwai na Magariba, da na mutanen Sham, da na Turkawa, akwai kuma na Barnawa. Shi ne ɗakin da kakan Auta yake nufi.

Baƙo makaho ne

Auta ya yi fasfo da biza da takardar allurar shawara a Yamai. Tafiyar da ayari yake yi wata da watanni, jirgi ya yi ta cikin yini guda.

Alƙahira ta ba shi tsoro. Mutanenta da na kewaye sun fi miliyan 20. Gidaje bene kan bene, motoci ba sa barci. Akwai jirgin ƙasa mai tafiya ƙarƙashin gari tun 1987. A gida damana ce, a nan kuwa ko ɗigon ruwa ba ya sauka, sai zafi da ƙura.

Washegari ya fita sayen burodi. Ya tsaya gaban mai tanda, ya gyara murya, ya haɗa jimla mai kyau, kowace kalma da wasalinta na ƙarshe. Mai tanda ya saki baki. Sai ya kira maƙwabcinsa:

— Zo ka gani, mai karanta labarai a rediyo ya zo sayen burodi!

Aka yi dariya. Mutumin ya yi masa magana da sauri, Auta bai gane ko rabi ba. Ya nuna da yatsa, ya biya, ya koma ɗaki.

A aji Ustaz ya yi musu bayani. Larabci hawa biyu ne. Akwai Fusha, harshen littafi da jarida da huɗuba da labaran rediyo. Shi iri ɗaya ne daga Maroko har Iraƙi. Akwai kuma Ammiyya, harshen gida da kasuwa, kowace ƙasa da nata. Ba uwar da ke yi wa jaririnta wasa da Fusha. Ɗan Balarabe ma a makaranta yake koyon ta. Mutanen Alƙahira suna mai da harafin jim ya zama « g »: raƙumi a littafi « jamal » ne, su kuwa « gamal » suke cewa. Harafin ƙaf kuma haɗiye shi suke yi: « ƙalam », wato alƙalami, sai ka ji « alam ».

Ajin ya tara ɗalibai daga Indonesiya da Turkiyya da Senegal da Jamus. A aikin rubutu ba mai kama ƙafar Auta. In aka zo hira kuwa sai ya sunkuyar da kai. A gida an koya masa kada yaro ya ɗaga murya gaban babba, kada ya dube shi cikin ido. Ga kuma tsoron kuskure, ga dariyar mai tanda tana masa yawo a kunne. Wata ɗaliba daga Jamus ba ta san rabin nahawunsa ba, amma ita ce mai yi musu ciniki a kasuwa. Tana faɗi tana kuskure, ana gyara mata, tana wucewa.

Mako biyu suka shige haka. Ustaz ya ce rabin jarrabawar ƙarshe ta baka ce. Ran Juma'a Auta ya kira gida ta salula. Ubansa ya ce:

— Auta, bakin ya buɗe?

— Alhamdu lillahi, Baba. Yaya ruwa?

Da ya ajiye waya barci ya ƙi zuwa. Buhu takwas yake gani, da rabin garka da za ta kwana ba shuka.

Mai gadi

Gidan da ɗalibai suke haya yana da mai gadi, wani dattijo mai doguwar riga da rawani. Mutumin Sa'id ne, wato kudancin Masar. Wata rana da magariba Auta ya zo wucewa, dattijon yana hira da ɗan'uwansa. Sai ya ji kalmar « gal », wato « ya ce ». A littafi « ƙala » ce, a bakin ƴan birni « al ». Amma « gal » a zangon bakin Komadugu ya san ta. Ya tsaya cik. Ya ƙara kasa kunne, ya ji wata, ya ji wata.

Bai san sa'ad da bakinsa ya yi gaisuwa da harshen abokansa na ƙuruciya ba. Dattijo ya juyo.

— Ɗana, daga Sudan kake?

— A'a, Ammu, daga Nijar.

— Najeriya?

— Nijar, maƙwabciyarta ta arewa.

— To, wa ya koya maka maganarmu? Zauna, zauna!

« Ammu » baffa ke nan, haka ake kiran dattijo a can. Ba duka suka gane juna ba, amma hira ta yi tsawo. Dattijo ya ce a kawo wa baƙo « esh ». Auta ya yi murna, don a zangon Shuwa « esh » tuwo ne. Sai ga burodi an ajiye masa. Ya ba su labari, suka yi ta dariya, wannan karo har da shi. Asalin kalmar a littafi « rayuwa » take nufi. Mutanen Nilu alkama ce abincinsu, sai suka ba burodi sunan. Makiyayan tafkin Cadi hatsi ne nasu, sai suka ba tuwo.

Daren nan Auta ya ja layi a littafinsa, ya raba kowane shafi gida huɗu: Fusha, Larabcin Alƙahira, Larabcin Shuwa, Hausa. Ya fara da ruwa: « ma », « mayya », « alme », ruwa. Kullum da yamma yakan zauna wurin Ammu su sha shayi. Da safe ya raka shi kasuwa, ya riƙe masa kwando. Ya koma wurin mai tanda, ya ce a ba shi « esh » biyar. Mai tanda ya ƙara masa na shida gyara.

Abin da ya zo da shi daga gida

Wata rana Ustaz ya ce kowa ya kawo wani abu na ƙasarsu ya yi bayani a kansa. Auta yana da ƴar takarda da kakansa ya rubuta masa addu'ar tafiya. Rubutun Barno ne, mai kauri, da alƙalamin kara da tawada. Ya nuna wa aji. Ya ce a wannan rubutu harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A littattafan Masar fa ɗigonsa a sama yake, ƙaf yana da biyu. Ɗalibai suka taso suna leƙe, suna tambaya. Auta yana ba su amsa, har ya manta da kunya.

Ustaz ya ce ya karanta musu abin da ya hardace a allo. Ya karanta. Da ya gama, Ustaz ya ce:

— Wannan ruwayar Warshu ce. Ka san ko ɗan ina ne Warshu?

— Allah gafarta Malam, na ɗauka Bamagaribe ne.

— Ɗan ƙasar nan ne. Ya tafi Madina ya yi karatu wurin Nafi'u, ya komo Masar ya koyar, a nan ya rasu a shekarar 812. Daga nan karatunsa ya yi yamma, ya ƙetare hamada ya isa gare ku. Mu yau ruwayar Hafsu muka fi bi, da ita aka buga Alƙur'ani a Alƙahira a 1924. Ku kun riƙe mana ajiya.

Ranar Asabar aka kai su Azhar. An fara ginin masallacin a 970, aka fara salla cikinsa a 972. Yanzu ɗaliban ƙasashen waje ba a ruwaƙi suke kwana ba, an gina musu unguwa tasu. Duk da haka Auta ya tsaya a tsakar masallacin ya isar da gaisuwar kakansa. Bayan masallacin akwai lungunan masu sayar da littattafai. Nan ya yi ciniki da bakinsa, ya sayi ƙamus da ragowar kuɗin tunkiyar Inna.

Zaman mutane

Harshe ba ya tafiya shi kaɗai, da al'adar masu shi yake tafe. Da fari in Auta ya ji mai saye da mai sayarwa suna ɗaga murya, yakan zaci faɗa ne. Daga baya ya gane ciniki ne, ƙarshensa shayi. Ya ga malohiya da kuɓewa da zoɓo a kasuwarsu kamar a gida. Ya ci « ful », wake ne da ake dafawa dare guda a ci da safe. Ya ci « koshari », shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyar albasa.

A tsohon birni, kusa da masallacin Amru ɗan Asi, ya ga majami'u tsofaffi ƙwarai. Kiristocin Masar, Kibɗawa, Larabci ne harshensu. Su ma « in sha Allahu » suke cewa, su ma « alhamdu lillahi ». Auta bai taɓa sanin haka ba.

Ya ga Nilu, kogin da ba ya ƙafewa. Dā yakan yi ambaliya kowace shekara ya bar wa manoma laka, har aka gama babban dam na Aswan a 1970. Ammu ya ce a ƙauyensu dā da « shaduf » ake ɗebo ruwa a ba shuka. Da ya kwatanta shi, sai Auta ya ga ai jigo ne, irin wanda ake ban ruwa da shi a bakin Komadugu kafin zuwan inji.

Ba kome ne mai daɗi ba. Wani lokaci yara a titi sukan bi shi suna tsokana saboda baƙar fatarsa. Makon farko sai dai ya haɗiye ya wuce. Da bakinsa ya buɗe, ran nan ya tsaya ya gaishe su da harshensu, ya tambaye su sunan unguwarsu da ajin da suke. Suka yi tsit. Ɗaya daga cikinsu ma ya raka shi har tashar jirgi.

Komowa

Ranar jarrabawar baka aka ce ya ba da labarin garinsu. Ya yi maganar Komadugu da tattasai da Gazargamu cikin Fusha. Sa'an nan Ustaz ya zama direban tasi, Auta ya zama fasinja, suka yi cinikin kuɗin mota cikin Ammiyya. Ya yi kuskure uku ko huɗu, bai tsaya ba. Ya ci jarrabawa.

Ya iso Difa cikin Satumba, ana dashen tattasai. Rabin garka aka dasa, kamar yadda ubansa ya faɗa. A shekarar nan gidan bai ɗinka sabon tufa da salla ba. Auta ya tuɓe riga ya shiga ban ruwa har ranar komawa Sayi.

Ranar kasuwa ya gamu da wani abokinsa na zango, ya zo sayar da maraƙi. Auta ya gaishe shi da Larabcin Shuwa. Abokin ya dube shi sama da ƙasa.

— Sai da ka je Masar ka tuna da maganarmu?

— Wallahi can na san darajarta.

Da ya gama jami'a ya zama malamin madarasa a yankin Difa. Albashinsa na farko man inji ya saya wa ubansa. In wata Balarabiya ta kawo ɗanta asibiti ba ta jin Hausa, akan aiko a kira shi ya yi tafinta. A aji yakan rubuta « allo », « alƙalami », « littafi », « albasa », « alkama », « sabulu », ya ce wa yara su nemo kakannin waɗannan kalmomi cikin Larabci. Littafinsa mai gida huɗu ya cika, ya buɗe na biyu, ya ƙara gida na biyar don Barbarci.

Ku ma da harshe biyu kuke karatu, Hausa da Faransanci. Waɗansunku suna da na uku a gida, ko na maƙwabta. Kada ku yar da ko ɗaya don kun sami sabo. Wanda kuke koyo kuma ku fita da shi waje ku yi magana, ko da za a yi muku dariya.

Tambayoyi

1. Daga ina ruwan Komadugu yake fitowa, ina kuma yake faɗawa?
2. Don me Auta ya daina gaida abokansa da Larabcin Shuwa?
3. Me gidansu ya rasa don ya tafi Masar?
4. Mene ne bambancin Fusha da Ammiyya?
5. Me « esh » take nufi a Alƙahira? A zangon Shuwa fa?
6. Me Ustaz yake nufi da ya ce: « Ku kun riƙe mana ajiya »?

Aiki

Ku raba shafin littafinku gida uku: Hausa, Faransanci, da wani harshe da ake yi a garinku. Ku tambayi manya, ku rubuta sunayen abubuwa goma na kasuwa cikin kowane gida.